Sunan da Inna ba ta faɗa

Bana ma ruwa ya yi mana irin nasa. Sau ɗaya ya sauka a Dakoro da ƙarfinsa, kowa ya saɓi sungumi ya fita, hatsi ya tsiro ya fid da kunne, sai sama ta bushe kamar an share ta. Da hantsi iska ke tasowa da zafinta, tana kwasar rairayi tana watsa wa shuka. In na fita shanya na ɗaga kai, sai gabana ya faɗi. Maigidana yana cewa, "Ke dai kin cika tsoro, ruwa ai na Allah ne." Na sani. Ba ruwan kaɗai nake tsoro ba. Duk sanda damina ta tsaya haka, sai zuciyata ta koma shekarar da na je gida goyon ciki, shekarar da muka kusa rasa Yayana alhali muna gida ɗaya da shi.

Garinmu ƙauye ne kusa da Ajekoriya. Cikina na fari ne, da ya fara girma aka maida ni wajen iyayena in haihu can. Cikin bazara na isa, lokacin da in ka taka ƙasa da rana sai ka yi tsalle, ruwan randa kansa ɗumi gare shi. Na tarar da gidan ya rage mutum ɗaya. Hajjo, kakarmu uwar Baba, ta rasu ba a daɗe ba.

Yaya Illiyasu shi ne ɗan farin Inna, Inna kuwa irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "ɗan Hajjo". In ya shigo tsakar gida sai ta sami abin gyarawa a murhu. Ko wani Illiyasun ne daban ya zo sayen ƙuli, "mai sunan wancan" za ta ce. Daga yaye Hajjo ta ɗauke shi, ɗakinta ya girma, ita ke masa faɗa, ita ke masa wasa. Daga bakin rijiya kana jiyo ta: "Illiyasu! Mijin banza, ko cefane babu, sai cin tuwo!" Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, sakinki zan yi in auro mai haƙora."

Shi ne na farko a garinmu da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya tafi jami'a a Yamai. Ni lakwal, makarantar boko, ban yi nisa ba, ban san abin da suke karantawa ba, na dai san tun daga ranar kowa ya koma ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko, har tsofaffi. Da ciwon Hajjo ya yi tsanani yana tsakiyar jarrabawa. Baba ya ce kar wanda ya faɗa masa, kar a ɓata masa karatu. Da ta cika ma haka aka ce. Duk mai salula, wayar hannu, a garin an ja masa kunne. In ya kira ya ce a ba shi matarsa, sai a ce tana barci, ko ta je barka.

Ina zaune a rumfa ranar da ya dawo hutu. Tun daga zaure ya ɗaga murya: "Ina amaryata? Ango ya dawo, a fito da tabarma!" Yana riƙe da ƙullin goro da wani bargo ja da ya sayo mata. Inna ta shige madafa. Ya leƙa ɗakin Hajjo ya ga an share shi tas, an fid da tukwanenta, an shimfiɗa sabuwar tabarma, har teburi aka aro aka sa masa don karatu. Baba ya kira shi zaure ya faɗa masa. Ya yi salati, ya je kabarinta ya yi addu'a, ya dawo. Ko ɗigon hawaye ban gani ba. Mutane suka yi ta yabo, wai ka ga mai ilimi, ya san tawakkali.

Bai daɗe da zuwa ba ruwan shuka ya sauka. Har yau ina jin ƙanshin ƙasar nan a hancina. Da asuba gari ya watse gona, maza na sara da sungumi, mata da yara na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Yaya ya fito ya naɗe ƙafar wando ya ɗauki sungumi. Baba ya karɓe daga hannunsa yana dariya.

"A'a, Mushe. Hannun biro ba na sungumi ba ne. Mu mun isa. Kai dai riƙe mana karatun, shi ne gonarka."

Ya tsaya da hannu sake, ya ce to, ya koma ɗaki.

Haka aka yi da abinci. Da can kwano ɗaya yake ci da Baba da ƙannenmu maza. Yanzu aka ware masa nasa mai murfi, da cokali, ni ke kai masa har ɗaki. Yara in sun yi wasa kusa da ƙofar sai a kore su, ana cewa ku yi shiru, ana karatu. Duk don girmamawa aka yi. Ba wanda ya yi da mugunta, wallahi.

Sai fari ya shigo. Hadari ya haɗu gabas da la'asar, baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu kife turmi, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙura a ido. Shukar da ta tsiro rairayi ya binne rabi, rabin ya murɗe ya yi ja. Rumbu ya ja ƙasa, sai an zura yaro ciki kafin a ciro dami. Tuwo ya koma na dare kaɗai. Da rana kwaɗon tafasa ne ko yaɗiya, ganye ya fi gari yawa. Mata suka shiga daji ɗibar anza, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, ɗacin bai gama fita ba ake dafawa. Fulani suka wuce arewa da shanunsu, ƙashin haƙarƙari a waje, ba mai nonon sayarwa, sai da ruwan tsamiya ake dama fura. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo da gumi. Baba ya rage magana, kullum yana bakin zaure yana kallon gabas.

Ni kuwa ƙafafuna sun kumbura, ba inda nake zuwa. In kowa ya fita, daga ni sai kaji a tsakar gida, sai ƙofar ɗakin Hajjo da ke kallona. Shi ya sa na ga abin da sauran ba su gani ba. Ba karatu Yaya yake yi ba. Littafin yana kife a teburi, ƙura ta hau bayansa. Shi yana kwance rigingine, ido buɗe, yana kallon azara. Goron Hajjo na nan a ƙulle inda ya ajiye. Wanka sai an yi kwanaki, gashi ya cukurkuɗe, wuyansa ya zurma. Salularsa ta yi ta kuka har ta gaji. Kwanon da na kai shi nake ɗaukowa, an ɗan taɓa gefe.

Inna takan tare ni a bakin madafa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya ci?"

"Bai ci ba, Inna."

Ta buɗe murfin ta duba, ta daɗe. "Can sun saba da shinkafa," ta ce. Washegari ta kama kazarta mai ƙwai ta ba da aka musanyo mata shinkafa, ta dafa masa shi kaɗai, ƙannenmu na haɗiyar miyau. Ita ma haka ta dawo. Sau da yawa nakan ga Inna tsaye bayan danga kusa da tagarsa, wai tana tsintar itace, a wurin da ba itace. Tarinsa take saurare. Amma ta taka ƙofar nan ta ce me ke damunka, wannan ba ta iyawa.

Wata rana da azahar na kai masa fura na ƙi fita. Na zauna bakin ƙofa na miƙe ƙafa.

"Yaya, ni dai yau sai ka sha a gabana. In ba haka ba ɗan nan in ya zo zan ce masa kawunsa rowar ciki gare shi, har kansa yake yi wa."

Ya ɗan murmusa, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Can ya ce, "Zali, kin taɓa yin gajiyar da barci ba ya maganinta?"

Na ce ai mai ciki kullum cikinta take.

"Ban ci jarrabawar ba," ya ce. "Faɗuwa na yi. Ban faɗa wa kowa ba."

Daga nan magana ta ɓalle masa, a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce can a aji ɗaya sun fi mutanen garinmu yawa, in ba ka yi sammako ba daga taga za ka saurara. Ya ce sai ya yi sati ba wanda ya kira sunansa. Tun kafin jarrabawa abin ya fara, ya karanta shafi ya kai ƙarshe bai san me ya karanta ba, dare ya yi ba barci, gari ya waye ya kasa tashi. In abin ya ishe shi sai ya kira gida don Hajjo ta zage shi ya ji daɗi. "Da aka yi ta ce mini tana barci, na ji a jikina. Na dai ƙi yarda. Har bargo na saya."

Sannan ya ce, "Kowa Mushe, Mushe. Ana cin anza ana dafa mini shinkafa. Wani lokaci sai in ga da babu ni da kowa ya huta, ni ma in huta."

Na ce, "Subhanallahi, Yaya, bar faɗin haka." Abin da na iya ke nan. Ya ce wasa yake yi, in ɗauki ƙwaryar.

Ban ɓoye ba. Na faɗa wa Inna, ta dafe ƙirji ta ce in gaya wa Baba. Baba ya saurara, ya ce gajiyar karatu ce, ƙwaƙwalwa ta yi zafi. Ya karɓo rubutu wajen malam, ya kuma ƙara jan kunnen gida: kar wanda ya dame shi, a bar shi ya huta. Aka ƙara barinsa shi kaɗai.

Ruwa ya dawo a makare, ba mai yawa ba. Aka sake shuka inda ta mutu, da ɗan irin da aka roƙo. Ciyawa ta riga hatsi tashi, Baba ya kira gayya. Ana gobe gayyar sai ga Yaya ya fito ya yi wanka, ya je an yi masa aski, ya sa farar rigarsa. Ya bi gari gida-gida yana gaisuwa, yana durƙusawa yana cewa a yafe masa. Ya ba Sale taubashinsa takalmansa masu kyau, Sale na ta tsiya: "Mushe ya ga ƙafar manomi ya ji tausayi! Saura agogon." Ya ciro agogon ma ya ba shi. Gari ya ɗauka cewa ya warware, zai koma Yamai, yana sallama. Wa ke neman gafara gida-gida in ba matafiyi ba? Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka. Inna fuskarta ta washe, ta auno hatsin da take ɓoyo ta hau dakan gumbar guzuri.

Ni ma na yi murna, har na shiga ɗakin in share masa. Sai idona ya kai kan jakarsa. Tana rataye a ƙusa inda ya sa ta ranar da ya zo, zanzaro ya gina ɗakinsa a bakinta, ginin ko tsagewa bai yi ba. Tufafinsa na zube a lungu. Na tuna kuma ba a komawa lakwal sai an fara yankan hatsi. Na fito na zauna da tsintsiyar a hannu.

Ranar gayya tun da safe gari ya koma gonar Baba. Daga gida ana jiyo gangar noma da ihun samari. Inna na madafa tana dama furar da za ta kai musu. Rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Sai Yaya ya fito, ba takalmi, da jan bargon a hannu. Ya tsuguna gabana, shi da yake babba.

"Ga wannan, ki rufa wa ɗanki. Ki yafe mini, Zali."

"Yaushe motar taku?"

Ya kawar da kai.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ce, "Yaya, dubi idona. Kashe kanka kake son yi?"

Na so ya yi mini tsawa, ya ce ban da hankali. Sai ya dube ni kawai ya ce, "Na gaji, Zali." Ya miƙe ya fita.

Kafin in dafa ƙasa in tashi har ya wuce zaure. Na ja jiki zuwa madafa ina kiran Inna, na faɗa mata da kalmomin da ban taɓa zaton za su fito bakina ba. Ta saki ludayi. Muka fito ƙofar gida. Ya yi nisa, ya bi arewa, inda ba gona, ba gari, ba hanyar mota, tudun rairayi ne kawai da daji. Maza duk suna gona, ganga ta hana a ji kowa. Ni ba na iya gudu.

Na ƙwala, "Yaya! Yaya!" Bai waiwayo ba.

Inna ta ce, "Kai!" Ta ƙara, "Kai yaro! Kai ɗan Hajjo!" Tafiyarsa yake yi, farar rigar tana ƙanƙancewa cikin rana. Matan maƙwabta biyu da ba su je gona ba suka leƙo ta kan danga.

Na ga Inna ta buɗe baki ta rufe. Ta dubi matan nan. Sannan ta ɗaga murya, muryar ta fashe a tsakiya:

"Illiyasu!"

Ya tsaya cak.

"Illiyasu, da kai nake! Tsaya nan!"

Ta bi shi da gudu, ƙafa ba takalmi, hannu duk gari, ɗankwali ya faɗi ba ta tsaya ɗauka ba. Ni ina biye ina haki. Da na isa na tarar ta riƙe masa wuyan hannu da hannu biyu, sun zube kan rairayi mai zafin nan. Yana kallonta kamar bai santa ba.

"Na ɗauka Hajjo ce," ya ce.

"Hajjo ta tafi," in ji Inna. "Ni ce. Ni na haife ka, ina nan kuma. Ka faɗi jarrabawa, to, ka faɗi. Ba inda za ka."

Nan ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba tun ranar da ya zo, da sheshsheƙa kamar yaro. Inna ba ta ce ya yi shiru ba. Ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta, abin da na tabbata ba ta yi ba tun yana goye. Furar ƴan gayya ranar sai la'asar ta isa gona.

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba, don bai gyaru ba. Ruwa ma bai sauka ranar ba. Da Baba ya ji, ya zauna bakin zaure ya rufe fuska da hula, ya daɗe. Washegari ya ɗaura amalanke muka kai Yaya likita a Dakoro. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya keɓe da shi suka yi doguwar magana, sannan ya kira Baba da Inna. Ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama ɗalibai da yawa, yana da magani, ya tura mu Maraɗi wajen masu duba irinsa. Ya ce kar a ƙara barinsa shi kaɗai, a ci da shi, a yi aiki da shi, a tambaye shi kai tsaye in an ga ya yi shiru. Baba ya ce, "Mu da muke ganin hutu muke ba shi." Majo ya ce ya sani.

Aka maida teburin aro. Ƙannenmu suka kwashe tabarminsu suka koma ɗakin Hajjo da kwana. Kwano mai murfi ya koma na ajiyar daddawa. Lokacin maimai, noma na biyu, Baba da kansa ya miƙa masa hauya, hannunsa ya yi ƙuraje ya fashe, Sale na binsa a kunyar gona yana cewa, "Mushe, wannan ba ciyawa ba ce, hatsin ne kake kashewa!" Wata rana ya yi dariya, wata rana ya wuni bai ce uffan ba. Akwai safiyar da ba ya iya tashi, sai Inna ta ɗauki tsintar wakenta ta zauna bakin ƙofarsa, ba ta cewa komai, tana nan dai har ya fito. Hatsin shekarar bai cika rabin rumbu ba. Cikin kakar na haihu, aka naɗe ɗana Habibu a jan bargon Hajjo.

Sai da shekara ta zagayo Yaya ya koma karatu, ya maimaita ajin. Yanzu yana koyarwa a wani ƙauye wajen Kornaka. Har yau akan sami lokacin da abin ke taso masa, amma yana faɗa, yana kuma zuwa a duba shi. In na kira bai ɗauka ba, ba na iya cin abinci sai ya kira. Inna kuwa ta koma "wancan" ɗinta a gaban mutane. Sai dai in ya bugo waya takan karɓa ta zaga bayan rumbu, ta daɗe.

Habibu ya shiga lakwal yanzu. Yaro ne mai shiru, ni kuma shirun yaro ba ya barina in zauna lafiya. Shekaranjiya Inna ta zo Dakoro duba mu, suna zaune da uwar mijina a rumfa suna maganar ruwan da ya ƙi zuwa. Na hango shi a bakin zaure shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa, bai taɓa abincinsa ba. Na ƙwala masa kira, Habibu, zo nan ka faɗa mini abin da ya faru.

Uwar mijina ta riƙe baki, ta dubi Inna. "Oh, ƴaƴan yanzu! Ɗan fari gatsal, a gaban surukai? Ke ba ki yi mata faɗa?"

Inna ba ta ɗago daga zaren da take warwarewa ba.

"Bar ta ta kira," ta ce. "Ba ga shi ya taso ba?"